Ina Ci Gaban da Aka Samu a Kumbunan 'Yan Sama Jannati da Rigunansu?

Tambaya: Na ga hoton kumbon Dragon da na Orion, sai na ga siffarsu ba ta da wani bambanci da ta kumbon Apollo na shekarun 1960. An kuma ce rigar da ake fita da ita daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun wajen 1980 aka tsara ta. To ina ci gaban da aka samu cikin fiye da shekara sittin?

Amsa: Abin da mai tambaya ya gani gaskiya ne, sai dai hoto ba ya nuna wurin da sauyin ya faru. Siffar kumbo ta waje, dokokin iska da na zafi ne suka tsara ta, kuma waɗannan dokoki ba su canza ba tun ranar 12 ga Afrilun 1961 da Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108. Abin da ya canza shi ne irin iskar da matafiya ke shaƙa, da hanyar tsira idan roka ta lalace, da yadda ake raba jikin mutum da zafinsa idan ya fita waje, kuma kusan kowane gyara daga cikinsu sai da aka rasa rai, ko aka sha da ƙyar, kafin a yi shi.

Mu fara da siffar. Kumbon da ke kewaya duniya yana gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a, kuma idan zai dawo dole ne ƙarfin wannan gudu ya koma zafi, domin ba shi da birkin da ya wuce iskar duniya. A farkon shekarun 1950 wani injiniya mai suna Harvey Allen, a cibiyar bincike ta Ames da ke Kalifoniya, ya nuna abin da ya saɓa wa tunanin kowa a lokacin: jiki mai tsini ya fi saurin ƙonewa, jiki mai faɗin gindi kuwa yana tara matsattsiyar iska a gabansa, iskar ta kwashe mafi yawan zafin ta wuce da shi gefe. A kan wannan ne injiniya Max Faget ya zana Mercury, kumbon Amurka na farko mai ɗaukar mutum, kuma har yau duk wanda ya zauna zai ƙera kumbon da zai dawo da mutane, lissafi yana mayar da shi ga wannan siffa ko makusanciyarta. Sergei Korolev da mutanensa a Tarayyar Sobiyet sun zaɓi dunƙulallen ƙwallo mai faɗin mita 2.3 ga Vostok, suka nauyaya gefe ɗaya domin ya juya da kansa ya fuskanci iska. Dabara ce mai sauƙi, amma ƙwallo ba ya karɓar tuƙi, saboda haka matafiyi yakan ji nauyinsa ya ninka kusan sau takwas, kuma saukar tana da ƙarfi har Gagarin sai da kujerarsa ta harbo shi waje a nisan kilomita 7 daga ƙasa ya sauka da laimarsa shi kaɗai. Daga Gemini zuwa Apollo na Amurka da Soyuz na Sobiyet aka koyi karkatar da tsakiyar nauyin kumbo kaɗan, yadda zai riƙa shiga iska a kaikaice ya samu ɗan ɗagawa, da haka ake sarrafa wurin faɗuwarsa, matsin da ke kan jiki kuma ya ragu zuwa ninki uku ko huɗu a saukar Soyuz ta yau da kullum. Mai dawowa daga wata yana shigowa da gudun kilomita 11 a daƙiƙa, kuma garkuwar da ke gindinsa an yi ta ne domin ta ƙone a hankali ta tafi da zafin. Orion, sabon kumbon hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, na shirin Artemis na komawa wata, yana amfani da sinadarin Avcoat irin na Apollo, sai dai an sauya yadda ake shimfiɗa shi, kuma a gwajin Artemis I na Disambar 2022 garkuwar ta ɓantale a wurare da dama ta hanyar da injiniyoyi ba su zata ba, abin da ke nuna cewa ko wannan tsohon ilimi bai gama zama a hannu ba.

Sau ɗaya aka kauce wa wannan siffa da gaske wajen ɗaukar mutane zuwa kewayen duniya, wato jirgin Space Shuttle, wanda John Young da Robert Crippen suka fara tashi da shi ranar 12 ga Afrilun 1981. Yana da fukafukai, yana sauka a titin jirgi, yana ɗaukar mutum bakwai da kaya fiye da tan 20, kuma da shi aka harba madubin hangen nesa na Hubble aka kuma kai manyan sassan tashar ƙasa da ƙasa. Ba na cikin masu raina shi. Amma an ɗaure shi ne a gefen tankin mai maimakon a ɗora shi a kan roka, don haka duk abin da ya ɓalle daga tanki zai iya bugunsa, kuma bayan tafiye-tafiyen gwaji huɗu na farko babu wata hanyar fizge matafiya daga rokar da ke ƙonewa a mintuna biyun farko. Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi ranar 28 ga Janairun 1986, Columbia kuma ya wargaje yana dawowa ranar 1 ga Fabrairun 2003 saboda wani ɓallin soso daga tanki ya huda gaban fiffikensa tun lokacin tashi. Mutum 14 suka rasu cikin tafiye-tafiye 135. A daidai wannan zamani, tsohon Soyuz da ake yi wa kallon kayan da aka daina yayi ya ceci mutanensa: a Satumbar 1983 roka ta kama wuta a kan dandamalin harbawa, hasumiyar tsira ta fizge Vladimir Titov da Gennady Strekalov daƙiƙu kaɗan kafin ta fashe, kuma daga baya, a Oktobar 2018, Aleksey Ovchinin da Nick Hague suka sauko lafiya bayan rokarsu ta lalace a sama. Saboda haka komawa ga kumbo mai faɗin gindi a kan ƙoƙon roka hukunci ne da aka yanke bayan shekara talatin ana gwada kishiyarsa.

A cikin wannan tsohuwar siffa akwai sabbin abubuwa. Dragon na kamfanin SpaceX, wanda ya fara ɗaukar mutane ranar 30 ga Mayun 2020, injinan tsirarsa a jikin bangonsa suke, ba a hasumiyar da ake jefarwa ba, don haka suna nan tare da shi har ya kai falaki. Yana haɗewa da tasha da kansa, kuma ana gyara shi a sake tashi da shi, alhali kumbon Apollo tafiya ɗaya yake yi ya koma gidan tarihi. Kwamfutar Apollo, wadda ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce kalmomi 2,048 ba, tana buƙatar mutum ya riƙa danna mata lambobi. Duk da haka sabunta ba ta ba da tabbaci: Starliner na kamfanin Boeing ya kai Butch Wilmore da Suni Williams tasha a Yunin 2024, injinan sarrafa shi suka ba da matsala, ya dawo babu kowa a ciki, su kuma suka zauna har Maris na 2025.

Batun iska shi ne ya haɗa kumbo da riga, kuma a nan ne ƙasashen biyu suka raba hanya tun farko. Sobiyet sun cika kumbunansu da iska irin ta doron ƙasa, oksijin da naitirojin a cikakken matsi, abin da ke buƙatar bango mai kauri da nauyi. Amurkawa, da rokokinsu na farko ba su da ƙarfi sosai, sun zaɓi zallan oksijin a kashi ɗaya cikin uku na matsin ƙasa. A sararin samaniya hakan bai yi muni ba, amma a gwajin ƙasa sukan cika kumbon da zallan oksijin har matsin ya ɗan zarce na waje, kuma a irin wannan yanayi abin da ba ya kama wuta da sauƙi ma yana ci kamar an zuba masa mai. Ranar 27 ga Janairun 1967 wuta ta tashi a cikin Apollo 1, ƙofar kuma ciki take buɗewa, matsin da ya ƙaru ya danne ta, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suka rasu. Bayan nan aka sake ƙofar ta zama mai buɗewa waje cikin daƙiƙu, aka gauraya naitirojin a iskar kumbo lokacin da yake ƙasa, aka kuma lulluɓe riguna da yadin Beta, wanda ake saƙawa da zaren gilashi. Bambancin iskar ƙasashen biyu ya kai ga cewa da Apollo da Soyuz suka haɗu a Yulin 1975, sai da aka ƙera wani ɗaki na musamman a tsakaninsu inda mutum zai dakata a daidaita masa iska kafin ya ƙetara. Daga Shuttle zuwa yau, kowa ya koma ga iska irin ta ƙasa.

Game da riga, ya kamata a rarrabe iri biyu da mutane ke haɗawa. Akwai wadda ake sawa a cikin kumbo lokacin tashi da sauka, wadda ba ta da aiki sai idan iskar kumbo ta tsere. Irinta ce SK-1 mai ruwan lemo da Gagarin ya sa, da rigar Mercury mai ƙyalli wadda asalinta ta matuƙan jiragen sojan ruwan Amurka ce. Tarihin wannan riga tarihin sakaci ne da ake maimaitawa. A Oktobar 1964 Sobiyet suka cusa mutum uku cikin Voskhod 1, kumbon da asalinsa na mutum ɗaya ne, kuma wurin bai isa a sa riga ba, aka tafi haka aka dawo lafiya, sai abin ya zama al'ada. Ranar 30 ga Yunin 1971, Soyuz 11 yana dawowa daga tashar Salyut 1, wani bawul ya buɗe lokacin da sassan kumbon ke rabuwa a nisan kilomita 168, iska ta tsere, kumbon ya sauka daidai yadda aka tsara, amma masu buɗe ƙofa suka tarar da Georgy Dobrovolsky da Vladislav Volkov da Viktor Patsayev babu rai. Daga nan aka ƙera rigar Sokol, aka rage matafiya zuwa biyu domin a samu wurin kayanta, ba a koma uku ba sai 1980. Abin mamaki, Amurka ta bi sawun wannan kuskure: bayan tafiye-tafiyen gwaji huɗu, daga ƙarshen 1982 matafiyan Shuttle suka riƙa tashi da tufafin aiki da kwalkwali kawai, sai bayan Challenger aka dawo da rigar matsi. Yau babu kumbon da ke kai mutum falaki ba tare da ita ba.

Iri na biyu, rigar fita waje, ita ce mai wahalar gaske, kuma gara a ɗauke ta a matsayin ƙaramin kumbo mai hannuwa da ƙafafu. A sama da nisan kilomita 19 matsin iska yana raguwa har ruwa ya tafasa a zafin jikin mutum, kuma inda babu iska kwata-kwata mutum ba ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a hayyacinsa. A 1966 bututun rigar wani ma'aikacin NASA mai suna Jim LeBlanc ya cire a ɗakin gwaji da aka zuƙe wa iska, kuma abin da ya tuna kafin ya suma shi ne yawun bakinsa yana tafasa a kan harshensa. Dole ke nan a cika riga da iska mai matsi. Matsalar ita ce duk abin da aka hura yana ƙin lanƙwasa, kamar yadda tiyub ɗin taya ke sandarewa idan ya sha iska: duk lokacin da mutum ya tanƙwara gwiwar hannu yana rage girman cikin rigar, iska kuma tana tura hannun ya miƙe. Tun rigar da kamfanin B.F. Goodrich ya yi wa matuƙin jirgi Wiley Post a 1934 ake fama da wannan, kuma Alexei Leonov ya gamu da shi ranar 18 ga Maris na 1965, a fitar farko da ɗan Adam ya yi. Cikin kusan minti 12 rigarsa ta kumbura ta sandare har komawa cikin ƙuntataccen mashigin Voskhod 2 ya gagara, sai da ya buɗe bawul ya rage matsin rigar da kansa, yana sane da haɗarin da ke ciki, sannan ya shiga da ƙyar da jiɓin goshi.

Darasi na biyu zafi ne, kuma ba zafin rana nake nufi ba. Rana tana iya kai gefen da take haskawa digiri 120, gefen inuwa kuma ya sauka fiye da digiri 100 ƙasa da sifili, amma shimfiɗu na siraran leda masu ƙyalli suna tare wannan. Abin da suka tare daga waje kuwa suna tare shi daga ciki, sai mutum ya dahu da zafin jikinsa. Rigunan Gemini iska kawai suke hurawa, kuma a Yunin 1966 Gene Cernan ya yi ta kokawa da jikinsa a bayan Gemini 9 ba tare da wurin dafawa ba, gumi ya rufe gilashin kwalkwalinsa har ya daina gani, aka katse aikin. Gyaran ya zo ta hanya biyu. Buzz Aldrin ya yi atisaye a ƙarƙashin ruwa, aka kuma sa masa madafai da matakan ƙafa a jikin Gemini 12, ya yi aikinsa cikin natsuwa a Nuwambar wannan shekara. A ɓangaren riga kuma aka kawo 'yar ciki mai ɗinke da siraran bututu da ruwan sanyi ke zagayawa a cikinsu. Ruwan yana kai zafin ga wata na'ura a jakar baya inda ake barin wani ruwan dabam ya daskare a kan faranti mai ƙananan huji, ƙanƙarar ta riƙa zama tururi kai tsaye tana fita sarari da zafin. Wannan dabara ce ta sa mutum 12 suka taka wata tsakanin 1969 da 1972.

Rigar Apollo, A7L, ta cancanci a tsaya a kanta. Kamfanin International Latex, wanda aka sani da kayan sawa na mata masu suna Playtex, shi ne ya yi ta, domin ya fi kamfanonin jiragen sama sanin yadda roba da yadi ke bin jikin mutum. A gwiwa da kafaɗa suka sa roba mai ninki-ninki da igiyoyi a gefe, yadda idan ɓangare ɗaya ya matse ɗayan zai buɗe, girman cikin rigar bai canza ba, tanƙwarawa ta yi sauƙi. Shimfiɗa 21 ce, mata ne suka ɗinka su a kan keken ɗinki, kowace riga a kan awon mai ita, kuma kuskuren da aka yarda da shi a ɗinkin bai kai milimita ɗaya ba. Da jakar bayanta tana da nauyin kusan kilo 82 a duniya, a wata kuwa kashi ɗaya cikin shida na wannan.

Sauran ciniki ne tsakanin matsi da motsi. Rigar Amurka ta yanzu, EMU, wadda aka fara fita da ita a Afrilun 1983, tana aiki da zallan oksijin a ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na matsin doron ƙasa, domin yatsu su iya motsi. Amma tunda tasha cike take da iska mai naitirojin, wanda ya faɗa cikin wannan ƙaramin matsi kai tsaye naitirojin ɗin da ke jininsa zai yi kumfa, irin ciwon da ke kama masu nutso idan suka taso da gaggawa, saboda haka sai ya shafe sa'o'i yana shaƙar zallan oksijin kafin ya fita. Rigar Rasha, Orlan, wadda aka fara amfani da ita a tashar Salyut 6 a Disambar 1977, matsinta ya kai kashi 40 cikin 100, shirin fita da ita gajere ne, kuma ta baya ake shiga kamar ƙofa, mutum ya rufe kansa ba tare da mataimaki ba. Farashin hakan taurin safar hannu ne. Ko a rigar Amurka safar hannu ita ce wurin da ya fi cutarwa, har farcen wasu 'yan sama jannati yakan ɗaye bayan doguwar fita. Rigar Feitian da Zhai Zhigang na ƙasar Sin ya fita da ita a Satumbar 2008 tsarin Orlan ta bi.

A nan ne nake ganin mai tambaya yana da hujja. EMU ta tsufa da gaske. An yi ta da sassa masu awo daban-daban da ake haɗa wa kowa, maimakon ɗinkin mutum ɗaya, kuma an gyara safar hannu da batir, an ƙara ƙaramar na'urar SAFER mai mayar da wanda igiyarsa ta kuɓuce. Amma jakunkunan baya 18 aka ƙera tun asali, kuma rahoton babban mai binciken NASA na 2017 ya ce 11 suka rage a aiki. Ranar 16 ga Yulin 2013 ruwan sanyaya jiki ya malalo cikin kwalkwalin Luca Parmitano na Italiya, kusan lita ɗaya da rabi, ya rufe masa ido da hanci da kunne, ya lalubo hanyar komawa da igiyarsa. A Maris na 2019 aka sauya jerin masu fita domin ƙirjin riga matsakaici guda ɗaya ne a shirye a tasha, fitar mata zalla ta farko ta jira har 18 ga Oktoba, lokacin da Christina Koch da Jessica Meir suka yi ta. Dalilin jinkirin bai rasa nasaba da kasuwa: abin da ake buƙatar 'yan ƙwaya kaɗan daga cikinsa, kuma kowace ƙwaya sai ta yi daidai da kumbo wajen aminci, ba ya jan masu zuba jari, kuma manufar NASA ta sha sauyawa tsakanin wata da wasu wurare, kowane sauyi yana sauya rigar da ake bukata. A 2022 hukumar ta miƙa aikin ga kamfanonin Axiom Space da Collins Aerospace, na biyun ya janye a 2024. Fitar da Jared Isaacman da Sarah Gillis suka yi daga Dragon a Satumbar 2024 da rigar SpaceX mataki ne, amma rigar ba ta da jakar baya, bututu ne ke shayar da ita daga kumbo, kuma sai da aka zuƙe iskar kumbon duka kamar zamanin Gemini.

Rigar da za a koma wata da ita tana da abokin gabar da EMU ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, wato ƙura. Ƙurar wata ba ta taɓa ganin ruwa ko iskar da za ta goge mata kaifi ba, kuma tana manne wa komai. A Apollo 17, bayan fita uku da suka kai kusan sa'a 22, ta cinye saman safar hannu, ta sa zoben wuyan hannu da na kwalkwali suka yi tauri, ta kuma sa Harrison Schmitt atishawa da toshewar hanci da ya shaƙe ta a cikin kumbo. Wannan a kwana uku ke nan. Masu shirin Artemis suna maganar kudancin wata, inda rana ke kwance a gefen sama, wasu ramuka kuma ba su taɓa ganin haskenta ba, sanyinsu ya wuce digiri 200 ƙasa da sifili, kuma ana son mutum ya durƙusa ya haƙa ya tashi da ƙafafun da rigar tasha ba ta taɓa buƙatar su yi tafiya ba.